Faifan da Gwaggo Ta Riƙe Amana

Tun ina ƙarami nake tsoron ɓacewar abu, kuma karatun kwamfuta da na yi bai rage mini wannan tsoro ba, sai ma ya nuna mini sababbin hanyoyin da abu ke bi ya salwanta. Saboda haka da na kama aiki a shagon hoto na Kawu, na sayi faifan ajiya na kwafe hotunan jama'a kaf a ciki. Da yake wuta da ɓarawo ba sa bambanta kwamfuta da abin da ke gefenta, sai na kai faifan gidan Gwaggo, can ƙarshen gari.

Na zaunar da ita na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce kada ta ba kowa, ko da ya rantse ni na aiko shi. Na ƙara da cewa 'yan damfarar zamani suna iya kwaikwayon muryar mutum a waya. Ta saurara tsaf, ta naɗe faifan a tsohon ɗankwali, ta cusa shi ƙasan akwatin zannuwanta.

Ran nan da hantsi kwamfutar shago ta yi wata ƙara kamar ana jan kujera, ta mutu murus. A bencin baƙi kuwa ga wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa, ya zo karɓar hoton marigayiya matarsa. Shi ne kaɗai hotonta da ya rage masa. Ya kawo mana shi ruwa ya ci rabinsa, takardar kuma ta ƙarasa marmashewa bayan na ɗauke ta a na'ura. Da yamma zai bar garin, ya koma zama wurin ɗansa.

"Mai Difloma, ka huta," in ji Kawu. "Baƙon da ka daɗe kana jira ya iso."

Na roƙi yayana, da yake yana da babur, ya je ya karɓo faifan. Ya dawo hannu rabbana yana huci.

"Wai ba ta san ni ba! Ni da ta goya har bayanta ya ƙage!"

Na kira ta a waya.

"Gwaggo, ni ne. Don Allah ki ba Yaya faifan nan."

"Haka shi ma zai ce."

"Wa ke nan?"

"Ɗan damfarar mana. Amma gaskiya ka iya, bawan Allah, har da 'yar shaƙewar nan tasa." Ta kashe.

Ba shiri na hau bayan babur. Muka same ta a tsakar gida tana shanya, ta dube ni daga hula har takalmi.

"Ita fuskar ba a ƙera ta? Domin ɗan ƙanena dai na manta rabon da in sa shi a ido. Zauna ka ci abinci, daga cin zan gane."

Na ce lokaci yana ƙurewa. Ta ce ita ba ta da jirgin da za ta kama. Na zauna, na ɗauki cokali, na ɗaga shi wajen haske, na goge shi da hankicina ciki da waje.

"Kai ne," ta ce, ta nufi ɗaki.

A shago muka ari kwamfutar mai kemis na kusa da mu. Faifan ya buɗe, hoton yana ciki, sai dai yadda aka kawo shi ne, da tabon ruwa shimfiɗe a kafaɗar marigayiya. Duk gyaran da na ɓata makonni ina yi ya tafi tare da kwamfuta, domin tun ranar da na kai faifan ban sake zuwa na sabunta kwafin ba. Duk ranar da na yi niyya, sai in tuna labaran Gwaggo ba su da wutsiya, in ɗaga zuwa wani mako.

Na yi wa dattijon bayani. Ya sa tabarau, ya matso, ya daɗe yana kallo.

"Fuskar dai tana nan ko?"

"Tana nan, Baba."

"To ai ba kafaɗarta na aura ba. Buga mini, yaro, kada mota ta bar ni."

Na buga masa, na karɓi lambar ɗansa domin in aika da gyararren idan na sake aikin. Ya sa hoton cikin riga ta wajen ƙirji ya fita. Sai na miƙe tsaye, na gyara murya.

"Kawu, Yaya, ku zama shaida. Daga yau duk ƙarshen mako zan kai wa Gwaggo sabon kwafi da ƙafata, kuma ba zan tashi ba sai ta kai ƙarshen labarinta."