Hancina Ya San Ruwan Bagaruwa

Ranar da aka kawo mini labarin rasuwar maigidana, akwai fatun awaki goma sha biyu a randar jima a bayan gida. Majemi ne, amma bai yarda da sinadarin kanti ba, sai bagaruwa da toka da mai. Yakan ce ruwan da zai kashe masa bishiyar lemo ba zai taɓa fata ba.

Bayan kwana uku ƙanwarsa ta ce, "Matar Yaya, a zubar kafin su ruɓe. Ke da kike toshe hanci in kin gifta?"

Na ce, "Shekara ashirin ina ƙorafin warin nan, ai na san ranar da yake sauyawa."

Kullum ina juyawa ina shinshinawa. Da warin ya koma na ɗanyen itace, na tsamo su, na shafa mai, na yi ta ja a jikin turke har suka yi laushi.

Badukun da ke sayen fatunsa ya murza ɗaya, ya yi dariya har da hawaye. "Ashe magajiya ya ɓoye mana a gida."

Har yau kowace safiya nakan zuba wa lemon ruwan ɗaurayar fatun da na jeme. Bana ma ya yi 'ya'ya.