Buhu a Kan Gilashi

Raihana ta gargaɗe ni tun kafin ta hau motar Sinnar. "Yaba, na san ka. Hannunka ba ya zama wuri ɗaya. Kada ka taɓa abin da ban nuna maka ba."

Ɗiyata ce ta fari. Ta koyi aikin wutar rana a birni, ni kuwa tun ina saurayi nake kula da babur, injin gas mai jan ruwan kogi zuwa lambun Alhaji Ladan a nan Mai Wurno. Bana Alhaji ya sayar da shi, ya kafa gilasan rana. Ya ce in na iya sabon aikin in zauna, in ban iya ba zai kawo wani. Ƙannen Raihana duk suna makaranta, kuma ba ni da wata sana'a.

Ta koya mini da haƙuri: goge gilashi da safe, duba fitilun akwatin da ke sarrafa wutar, abin da kore ke nufi da abin da ja ke nufi. Ta kuma ce zafi mai yawa yana rage wa gilasan ƙarfi. Wannan maganar ce ta zauna mini a rai.

Da rana ta take na ɗora tafina a kan gilashin gefe, na ji kamar tanda. Babur in ya yi haka, jiƙaƙƙen buhu nake shimfiɗa masa. Na jiƙa buhu, na rufe rabin gilashi ɗaya kawai. Sai ruwan ya fara raguwa. Na ce lalle zafi ne, na ƙara wani buhun. Har la'asar ruwa bai kai fangalin albasa na ƙarshe ba, dashen jiya duk ya kwanta.

Tare suka iso, Raihana da Alhaji, ta same shi a hanya. Ta kalli buhunan, ta rufe baki da gyale.

"Yaba, mura suke yi?"

"Zafi suka ɗauka."

"A jere suke kamar jakunan da aka ɗaure da igiya guda. In ɗaya ya tsaya, duk sun tsaya." Ta yaye buhunan, bututu ya yi tari, ruwa ya ƙaru. "Malesh, yi haƙuri, laifina ne. Rabin magana na faɗa maka: inuwa ta fi zafi cutar da su."

Alhaji ya tsuguna ya daɗe yana taɓa albasar. "Salih, tausayinka ya yi yawa," in ji shi. "Mu ga abin da zai tashi zuwa Juma'a, sannan mu yi magana."

A hanyar gida ta karɓi fartanyata ta saɓa, tana yi mini tambayoyi kamar malama. Na amsa wasu. Ta ce gobe ba za ta je Sinnar ba.

Wani dashen ya ɗago kai, wani bai ɗago ba. Ko Alhaji zai bar ni a lambun, ban sani ba tukuna.