Rigar da Ke Shan Faɗa

Tun da suka yi aure, tela da matarsa ba su taɓa wuni ba su yi faɗa ba. Ba faɗan duka ba, Allah Ya kiyaye, faɗan baki ne: wa ya bar famfo a buɗe, wa ya ɗauki almakashin ɗinki ya yanke farce. Maƙwabta har sun daina leƙowa. In ka ji gidan shiru, to ɗayansu ya yi tafiya.

Sai zuciyar tela ta fara tsiya. Tana cikin bugawa lafiya lau sai ta kwasa a guje, ya ga jiri, ya zube. Likitoci suka dasa masa wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana a ƙirji, can sama wajen kafaɗar hagu. Aikinta gadi: in zuciya ta rikice, sai ta ɗirka mata wutar lantarki ta dawo da ita hanya. Jikoki suka raɗa masa suna Mai Batir.

Ranar da na'urar ta fara nuna aikinta, suna tsakiyar faɗa ne a kan murfin kwalbar man keken ɗinki. Ya ɗaga yatsa zai ce "ke kika ɓatar", sai ya ji kamar jaki ya harbe shi a ƙirji. Ya kurma ihu, ya zauna daɓas. Likita ya duba ya ce na'ura ta ceci ransa, ya sauya masa magani, ya ce ya je ya yi rayuwarsa kamar kowa. Matar tana wurin, amma bayanin ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Ita dai abin da ta sani, bakinta ya kusa kashe mata miji.

Daga ranar ta ajiye makamai. Kome ya ce, sai ta ce, "To, gaskiyarka, maigida."

Da farko ya ji daɗi, har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kafin wata ya ƙare abin ya ishe shi. Gidan ya koma kamar ɗakin jiran asibiti, ana tafiya a hankali, ana yi masa sannu ko atishawa ya yi. Ya ji kamar an riga an binne shi, an manta ba a faɗa masa ba. Shi matarsa yake so, ba wannan baƙuwar mai ladabi ba.

Sai ya shiga tsokana. Ya jefa jiƙaƙƙen tawul a kan gado. Gaskiyarka, maigida. Ya ce ƙanenta malalaci ne tun yana yaro. Gaskiyarka, maigida. Da ya ga ba ci gaba, ya zauna a kan keke ya ɗinka mata riga da gangan, hannu ɗaya har gwiwa, ɗayan ko gwiwar hannu bai kai ba. Ya miƙa mata yana jira, har zuciyarsa na ɗoki.

Ta juya rigar, ta ce, "Kai, ta yi kyau. Allah Ya ƙara basira." Wallahi sai da ta sa ta ta je kasuwa a haka! Tela ya zauna bakin gado kamar ya yi kuka.

Wata rana zarensa ya ƙare a shago, ya dawo gida da hantsi ta ƙofar baya. Sai ya ji muryar nan da ya daɗe bai ji ba, tana tashi kamar da. Ya laɓe bayan wani zanen gado da aka shanya, ya leƙa. Ga matarsa tsaye gaban igiyar shanya, hannu a ƙugu, tana nuna babbar rigarsa da yatsa.

"Tawul a kan gado, sai ka ce a daji ka tashi!" take ce wa rigar. "Kuma ƙanena ne malalaci? Kai da sai an tashe ka sau uku? Murfin kwalbar nan ma a aljihunka na same shi, mai bakin tsiya!"

Tela bai san lokacin da baki ya suɓuce masa ba. "Ƙarya ne, ke kika sa shi a aljihun!"

Ta yi tsalle gefe, ta dafe ƙirji. Da ya fito daga bayan zanen, idonta bai je fuskarsa ba, kan kafaɗarsa ta hagu ya tsaya.

"Tsorona kar in kashe ka," ta ce a hankali.

Ya kamo hannunta ya ɗora a kan ɗan tudun da na'urar take. Suka tsaya suna saurare. Zuciya na tafiya daidai, ba gudu ba tuntuɓe.

"Ga mai gadi nan, shi aka ɗauka aikin, ba ke ba," ya ce. "Shirun nan naki ne ke kashe ni. Ci gaba, ai ba ki zo kan hannun rigar da na ɗinka miki ba."

Ta share hawaye da dogon hannun, don rigar ce a jikinta. Ta ja numfashi, ta mayar da hannu ƙugu.

"Tela kake ko mahauci?"

Can bayan katanga maƙwabciya ta ajiye tsintsiya, ta ƙwala wa mijinta kira: "Kai, fito ka ji! Mai Batir ya warke!"