Jinin da Aka Ƙara wa Mma

Gafaru ne ya ɗauko mahaifiyarsa Mma a tasi daga unguwar Nima ranar da jiri ya kayar da ita a bakin famfo. Shi ya rufe shagonsa na kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai ya tare a asibiti. Da likita ya ce sai an ƙara mata jini, shi ya fara naɗe hannun riga. Ƙanensa Abass bai iso daga unguwar Madina ba sai washegari, yana ƙamshin turare, ya ba da nasa.

Amma tun daga lokacin, duk wanda ya zo dubiya sai Mma ta ce, “Autana ya ba ni jininsa.”

Maganar ta tsaya wa Gafaru a rai. Da aka ce jinin da za a ƙara mata ya kusa fitowa, sai ya nufi ɗakin ajiyar jini ya tsaya a taga. Ma'aikaciyar wurin, Sadia, ta ciro leda ɗaya daga firji, ta ɗaga ta sama wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Ta ɗebi kaɗan daga siririn bututun jikin ledar, ta sa a na'ura mai juyawa. Da ta fito da shi, ruwan da ya taso sama ya yi ja-ja. Ta girgiza kai, ta ajiye ledar gefe.

“Madam, lafiya?”

“Wannan ya lalace. Ƙwayoyin sun farfashe, ba za a sa wa mutum ba.”

Wani daɗi ya ratsa Gafaru, har ya ji kunyar kansa. Duk da haka ya tambaya, “Na Abass ne? Ƙanena, wani fari mai gemu.”

Sadia ta dube shi. “Ɗan'uwa, ba suna a jikin leda, lamba ce. Naku ma bai dawo daga gwajin cututtuka ba. In ya dawo, wani daban za a ba. Na mamanku tuni yake a ajiye.”

Ta ciro wata ledar, ta gwada ta da jinin Mma, komai ya yi daidai.

Da Gafaru ya koma, an riga an rataye ledar, Abass na zaune a bakin gado, maƙwabta sun kewaye su. Mma ta nuna bututun. “Ku gani, jinin autana ke shiga. Har na fara jin ƙarfi.”

“Ba nasa ba ne, Mma,” in ji Gafaru, muryarsa ta fi yadda ya so ƙarfi. “Ba nawa ba ne kuma. Na wani ne can da ba mu sani ba.”

Abass ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, ai ni ban ce nawa ba ne.”

Mma ta kalli Gafaru sama da ƙasa. “To Allah ya saka wa mai shi. Kai kuma je ka samo mini ruwan zafi.”

Ya ɗauki filas ya fita. Kafin ya dawo Abass ya tafi, wai kada cunkoson hanya ya riske shi. Gafaru ya haɗa mata shayi, ya gyara mata matashi, ya zauna yana kallon jinin na ɗiga. Bayan la'asar ta buɗe ido, fuskarta ta ɗan yi haske.

“Gafaru.”

“Na'am, Mma.”

“Kira mini Abass, in ji ko ya isa lafiya.”

Ya zaro waya ya kira, ya riƙe mata a kunne.