Baƙin Dutsen Osenik

Takalmin ya ƙi shiga. Ina durƙushe a gaban Injiniya Strahil, na sassauta igiyar har ƙasa, na tura, na murza, amma ƙafar ta kumbura kamar ƙullin burodin da aka manta a kwano.

"Ƙara turawa, maƙwabciya. Ai ba ƙwai ba ce."

"Ka sa silifas mana, Injiniya. Wa zai tsaya kallon ƙafarka?"

Ya ce shi bai taɓa tarbar abokin aiki da silifas ba, kuma ba a kan tsufansa zai fara ba. Da ƙyar na hagu ya shiga. Na dama kam ya gagare mu. Haka ya zauna a bakin gado, ƙafa ɗaya ta tafi daji, ɗaya tana gida, yana sauraren jirgin ƙasa na safe daga Sofiya. Wata Dokta Rumyana yake jira, wadda ya koyar tun tana yarinya mai kitso biyu, yau ita ce shugabar kwamitin da ke raɗa wa duwatsun ƙasar nan suna.

Katanga ɗaya ce tsakanina da shi a nan Svoge. Matarsa Paraskeva ta daɗe a ƙasa, ba su haihu ba. Ni ma mijina Nedyalko ya rasu ya bar ni, 'ya'yana suna Sifen, sai murya a waya. A layinmu gidajen da ke hayaƙi ba su kai waɗanda ke kulle ba. Don haka ba kirki ne ya sa nake kai masa miya ba. In ban yi faɗa da shi ba, sai in wuni bakina bai buɗe ba.

Aikinsa duk tsawon rayuwarsa shi ne jera duwatsu, kuma ba na gini ba. Tsaunukan nan da kogin Iskar ya yanka a shimfiɗe suke, wani kan wani kamar banitsa, gashin fulawarmu mai falle-falle. Laka ce da yashi da suka kwanta a ƙasan teku tun kafin a yi mai ba da labari, masana suna ce wa zamanin Paleozoyik. Shi da abokansa suka bi su da guduma suna rarraba su dangi-dangi: wannan kaurinsa kaza, launinsa kaza, a nan ya fara, a can ya ƙare. Ordovik, Silur, Devon, Karbon, haka yake jero manyan kamar mai kiran awakinsa. Kowane dangi kuma sai a ba shi sunan wurin da ya fi fitowa fili, ƙauye ko rafi ko tsauni. Ba a sa sunan mutum. In sunan ya shiga, ya zauna ke nan, ko da ƙauyen ya mutu.

Damuwar Strahil ke nan. A saman Osenik, ƙauyen da aka haife shi, akwai wani baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle. Mutanen Sofiya sun haɗa shi da dangin da ke ƙarƙashinsa. Shi kuwa tun yana da baƙin gashi yake cewa daban yake, kuma sunansa Dangin Osenik. Da farko shugabansa na lokacin ya ƙi ko hawa ya duba. Daga baya mulki ya sauya, aka rufe ofishinsu, kowa ya kama gabansa. Osenik kuma ya yi ta zubewa gida-gida har aka sauko da tsohuwa ta ƙarshe a kan jaki. Abin da yake so bai fi wannan ba: in babu ƙauyen a ƙasa, ya kasance a bakin duk ɗalibin da zai haddace duwatsun ƙasar nan.

Mu 'yan layi ba mu ɗauki maganar da nauyi ba. Amfanin duwatsunsa a wurinmu ɗaya ne. In sanyi ya kawo kai, lokacin jiƙa kabeji, kowace mace tana neman dutsen da za ta danne bakin ganga, tsakar gidansa kuwa cike yake da su. Sai dai kafin ya ba ki, sai ya lashi dutsen, ya ɗaga shi a rana, ya gaya miki shekarunsa da inda ya samo shi, ƙafarki tana sanyi. Yanzu gangunan roba sun zo da abin dannewarsu, matan ma sun ƙare. Baƙin da yake yi a shekara ke nan, su ma suka ɗauke ƙafa.

Rumyana ta iso da jaka a baya da guduma a ƙugu, kanta fari fat. Ta sunkuya ta sumbaci hannunsa, ta ce masa Malam. Ya yi ta maza ya miƙe, wai shi zai yi mata jagora. Ya kai bakin ƙofar gida, ya dafa benci, ya zauna, fuskarsa kamar toka. Ya daɗe yana kallon tsaunin, sannan ya juyo.

"Gergina, ki ara mini ƙafafunki. Kin san hanya."

Na sani, don can muke ɗebo itace da Nedyalko. Na yi mita yadda na saba, na ce ƙafafun ma na aro ne, sannan na ɗauko sandata.

Motar haya ta ajiye mu inda kwalta ta ƙare, sauran muka taka. Osenik ba abin da ya rage sai tushen katangu da itatuwan tuffa da suka koma na daji, 'ya'yansu suna ruɓewa a ƙasa. Rumyana ba ta tsaya ba sai a gindin baƙin dutsen. Ta ɓare falle, ta lasa, ta kara gilashi a ido. Ashe lasar ta gado ce. Ta nuna mini wasu zane-zane kamar haƙoran zarto da aka ja da fensir, ta ce halittun teku ne, su ke faɗin zamanin dutse. Ta hau, ta sauka, ta ja igiyar awo, ta sake hawa, har rana ta karkata. Sai ta zauna kusa da ni, ta ƙi taɓa burodi da cukun da na shimfiɗa.

"Gaskiyarsa," ta ce. "Daban yake. Da an hau an duba tun lokacin, da an gani."

Na ji daɗi har na manta ciwon gwiwa. Na ce to mu gangara mu yi masa albishir, gani ya kori ji. Ba ta motsa ba. Ta ce akwai saura. Sabon suna sai na wurin da ke cikin taswira, haka dokarsu ta ce. Osenik kuwa an soke shi daga jerin ƙauyuka tun da ya zama kango, sabuwar taswira ba ta san shi ba. Da an karɓi sunan lokacin da hayaƙi ke tashi a nan, da ba mai iya cire shi har abada. Yanzu abin da ke da suna a kusa shi ne ɗan kwarin da ke ƙarƙashinmu, Rafin Aladu.

Raina ya ɓaci. Na ce mata mutumin nan ƙafarsa ɗaya tana kabari, ta ce masa an sa Osenik mana, wa zai kai ƙararta? Ta ce ba ta iya yi masa ƙarya a kan dutse, kuma ko ta yi zai gane, don shi ne ya zauna a kujerar shugaba ranar da aka rubuta wannan doka. Ya taɓa ƙin karɓar sunan da wani ya kawo saboda ita, mutumin har ya mutu ba ya gaishe shi. Na ce lallai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Muka sauko.

Mun same shi a kan gado, har yanzu da takalmin hagu, ya shimfiɗa tsohuwar taswirarsa a cinya, wadda ta yi laushi kamar tsumma. Tun da ya bar aiki bai sayi wata ba.

"Kin gani?"

"Na gani, Malam. Daban yake. Zan rubuta, da sunanka a kan aikin."

Ya lumshe ido. Ban taɓa ganin fuskarsa ta kwanta haka ba.

"Sunan fa?"

Na yi mata ido, ta ƙi kallona.

"Malam, Osenik ba ya cikin taswira yanzu."

Ya dubi ta cinyarsa, ya ɗora yatsa a wurin, kamar zai nuna mata ga shi nan. Sai ya janye yatsan. Na jira ya yi faɗa, don mutum ne da ke iya yin gardamar yini a kan gishirin miya. Bai yi ba.

"To, ba zai yiwu ba," ya ce. "Doka ce. Me ke kusa?"

"Rafin Aladu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa. Ya ce a rafin mahaifiyarsu take wanke su, kuma ba ta yi kuskuren wuri ba. Rumyana ta ce cikin halittun nan akwai wadda take zaton sabuwa ce, ita ana iya sa mata sunan mutum, za ta sa nasa. Ya kaɗa hannu, ya ce shi ba kansa yake nema wa wuri ba. Ya tambaye ta kaurin da ta samu, ta faɗa, ya ce ta koma ta sake aunawa ta gefen gabas, a nan ya fi cika. Da ta fita kama jirgin yamma, ya ce da ni, "Cire mini takalmin nan, maƙwabciya."

Daga ranar bai sake kiran Silur ko Devon ba. In na kawo miya sai ya ce in zauna, ya kama jero mini gidajen Osenik. Daga ƙasa yake farawa, don tsofaffi su ne a ƙasa: gidan mai niƙa a bakin rafi, sama da shi gidan su Paraskeva, sai gidan da aka yi tagwaye sau biyu, sai nasu. In na rikita biyu ya gyara mini da zafi, in ce ni ba ɗalibarsa ba ce, ya ce ai da ɗalibarsa ce da ya kore ni tuni. Wata safiya ina ɗumama wake a murhunsa, ina ba shi labarin tsadar magani, na juyo in ji me ya sa bai musa ba. Ya tafi, hannunsa a kan bargo, bakinsa a ɗan buɗe.

A jana'iza ba mu cika benci biyu ba. Rumyana ta zo, ta yi kuka sosai, ban hana ta ba, ban kuma rarrashe ta ba. Na dafa alkama da sukari na raba, rabin tukunya ya dawo gida. Na yi kewarsa fiye da yadda na zata, har nakan tsaya jikin katanga da safe ina jiran tarinsa.

Takardar sanarwar mutuwa, wadda ake mannawa a ƙofa da jikin itace, ni na je aka buga. Yarinyar shagon ta sa hotonsa, ta rubuta Injiniya Strahil Vatev, ta ce, "Na Svoge ko, Inna?"

"Na Osenik."

"Ina ne haka?"

"Rubuta dai, 'yar nan. Da manyan baƙaƙe."

Na manna ɗaya a ƙofarsa, ɗaya a falwayar layi, ɗaya a allon coci. Ɗaya ta rage, ta yi kwanaki a kan teburina ina zagaya ta. Ranar da gari ya yi haske na ɗauki sanda da kwalbar gam na hau Osenik, ni kaɗai, ina hutawa a kowace kwana.

Babu ƙofa a can, babu bangon da ya kai ƙugu, sai na nufi baƙin dutsen. Gam ya ƙi kama shi. Duk inda na danna sai falle ya ɓare ya biyo takardar. Na gaji, na naɗe ta biyu, na nemi tsaga na soka ta tsakanin falle da falle har ta zauna. Hoton ya shige ciki, layin ƙasa kaɗai, mai sunan Osenik, ke leƙowa. Na zauna a gefe na ci burodina. Can ƙasa rafin yana ta tafiyarsa, gefen takardar yana ɗan motsi.