Ɗigon Kore a Ghuddwa

Sharhabilu ɗan Damagaram ne. Ya karanta ilimin kwamfuta a gida, da aiki ya ƙi samuwa ya biyo mota zuwa Sabha, ya kama ɗan shago a unguwar Manshiya yana gyaran waya. Amma hankalinsa ba a kan gyaran waya yake ba. Ya ƙera wani akwati da ake haɗawa da injin ban ruwa, mai gona ya kunna ko ya kashe injin daga wayarsa, ko da yana kwance a gida. Kusan shekara ya yi yana fama da shi.

Ya saka akwatunan gwaji a wasu gonakin dabino na Ghuddwa, wani gari da ke kusa da Sabha. Abin da ya biyo baya ya ɗaure masa kai. Kwamfutarsa tana nuna masa masu gonakin suna buɗe manhajar akwatin a wayoyinsu safe da rana, amma ba wanda ya taɓa danna maɓallin kunna inji. Ya bincika ko wani abu ya lalace. Komai lafiya lau.

Ya kira Malama Hindatou, wadda ke koyar da masu sabbin kamfanoni ta intanet daga Yamai, kuma shi ɗalibinta ne.

Ta ce, "Tashi ka je wurinsu. Kada ka yi musu bayani, ka yi tambaya ka rufe bakinka."

Washegari ya shiga motar haya zuwa Ghuddwa. Hajj Salah, dattijon Balarabe mai gona mafi girma cikin masu gwajin, ya tarbe shi da shayi da dabino. Muhandis yake ce masa, wato injiniya.

"Muhandis, abin nan naka ba shi da na biyu," in ji shi da Larabci. "Har ƴan'uwana sun dame ni a kansa."

Sharhabilu ya ji sanyi a ransa, sannan ya yi tambayarsa. "To Hajj, me ya sa ba ka taɓa kunna inji da shi ba?"

"Inji? Ina da ma'aikata a gona. Wa zai saki ruwa bai ga inda zai bi ba?"

"To me kake dubawa?"

Hajj Salah ya ciro wayar ya nuna masa wani ɗan ɗigo a kusurwa. In kore ne, akwai wutar lantarki a gona. In ja ne, an ɗauke. Ya ce da can sai ya taso daga Sabha ya tarar babu wuta, ya yi zaman banza ya koma. Yanzu yana dubawa kafin ya fito. Ƙaninsa mai sayar da ƙanƙara ma kiransa yake yi ya tambaye shi launin ɗigon.

Ɗigon nan Sharhabilu don kansa ya saka shi, don ya gane ko akwatin yana aiki. Aikin saka shi bai kai masa tsawon shan shayi ba. Da ma niyyarsa ya cire shi.

"Ka yi mini wasu," in ji Hajj Salah. "Na gida, da na shago. Amma ban da tarkacen injin nan."

A bakin gona ya haɗu da Tahirou, mutumin Tawa, ɗaya daga cikin ma'aikatan gonar, wanda ya taimaka masa haɗa akwatin. Fuskarsa ba walwala.

"Yaya Tahirou, lafiya?"

"Ƙanena, abin nan naka ya hana mu sakat. Da wuta ta dawo, kafin mutum ya ajiye cokali, waya ta yi ƙara, Hajj ne. Ga wuta, me kuke jira? Ko sallah kake yi sai ka tarar da kira."

Sharhabilu ya yi masa sallama ya nufi mota. Shi a tunaninsa ya ƙera abin da zai rage wa irin su Tahirou zirga-zirga cikin rana.

A mota ya sake kiran Malama Hindatou ya kwashe komai ya faɗa mata. Ta yi dariya ta ce, "Ai ka samu kasuwarka. Ka sayar da ɗigon."

"Malama, ba ke kika ce kada mu bar abin da muka sa gaba don wani ya nemi wani abu daban ba?"

"Na faɗa."

"Yanzu kuma kin ce in bari."

"Wannan ma na faɗa. Kowanne da lokacinsa."

"Ta yaya zan gane lokacin?"

Ta ce, "Gaskiya, yawanci sai daga baya ake ganewa."

Ya tambaye ta batun Tahirou. Ta ce wannan babu shi a cikin darasinta, amma kada ya yi kamar bai ji ba.

Ya koma shago ya cire duk abin da ya shafi inji daga akwati ɗaya. Abin da ya rage bai kai girman sabulu ba. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu, ya kasa tantance ko murna zai yi ko baƙin ciki.

Ƙananan akwatunan sun samu shiga. Masu gidan burodi, masu walda, har wani mai kantin magani da ke ajiye allurai a firji, duk suka saya. Gyaran waya ya koma gefe. Don Tahirou kuwa, ya gwada sa ɗigon ya ɗan jinkirta kafin ya koma kore. Hajj Salah ya lura, ya kira yana faɗa cewa abin ya fara ƙarya, dole ya mayar da shi yadda yake. Tahirou yana gaishe shi in sun haɗu a kasuwa, amma ya daina zuwa shago shan shayi.

Bayan wasu watanni Malama Hindatou ta nemi ya yi wa sabbin ɗalibanta magana kan yadda ya gano abin da kasuwa ke so. Ya amsa mata da to. Ya buɗe kwamfuta don ya tsara abin da zai faɗa, ya zauna har aka kira la'asar bai wuce sallama ba. Wani mai garejin mota ya leƙo yana tambaya ko nan ne ake sayar da abin wutar nan. Sharhabilu ya rufe kwamfutar ya jawo masa kujera.