Kwalaben Mushe Michel

Tun da kamfanin haƙar zinariya ya kafa injinan wanke ƙasa a bayan ƙauyensu, can wajen Rey Bouba, ruwan rijiyar gidan su Iliyasu ya koma ja-ja, yana ƙarnin ƙarfe. Ciki biyu ya zube wa matarsa Hindu. Yanzu tana ɗauke da na uku, ta rame sai idanu.

Dole ne kamfani ya riƙa auna ruwan rijiyoyin maƙwabta, in an sami guba a haƙa musu famfo nesa da ramukan. Iliyasu ya yi ta zarya Garoua, ofis zuwa ofis, har aka yarda a zo. Kowace dawowa yakan riƙo wa Hindu jarkar ruwan birni.

Ranar da mai aunawa, Monsieur Michel, da mutanen ƙauye ke ce wa Mushe Michel, ya iso, Iliyasu yana kasuwar Tcholliré. Rijiyar a tsakar gida take, baƙon namiji kuwa iyakarsa zaure. Sai ya miƙa wa Inna, mahaifiyar Iliyasu, kwalabe, ya ce a ciko masa.

Da yamma Iliyasu ya shigo da murna.

“Inna, an ce ya zo! Ya ga jan ruwan?”

“Wane jan ruwa? Ɗan mutane ya taho tun daga Garoua cikin rana, in miƙa masa wannan ƙazanta? A kai birni ana cewa matan gidan mahaifinka Malam Mahmudu ba su san tsafta ba? Daga jarkar Hindu na zuba masa. Har godiya ya yi mini da Fulatanci, ya ce *useko*.”

Iliyasu ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Bai yi faɗa ba. Wa yake faɗa da uwar da ta rufa wa gidansa asiri?

Sai bayan 'yan kwanaki ya sami Michel a waya, ya yi bayani, ya haɗa shi da Allah.

“Malam Iliyasu, labo, wato ɗakin gwaji, ta ce ruwanku garau yake, har ya fi namu. Shugabanni sun sa hannu. Sai zagayen baɗi, in sun tuna da ku.”

Hindu watan gobe za ta haihu, jarka kuma ta ƙare. Daga ɗaki ta kira shi a hankali.

“Yaya, ƙishi nake ji.”

Ya daɗe yana kallon guga, sannan ya ɗauka.